Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara Ga Iyalan Da Ke Shirin Ƙaura Zuwa Ingila

A 'yan shekarun nan, da wuya ka sami unguwa a Jos, Kaduna, Kafanchan, Gombe ko Yola inda ba a yi bankwana da wata malamar jinya ko wani ma'aikacin asibiti da ya kama hanyar Ingila ba. Waɗansu sun kwashi iyalinsu gaba ɗaya, waɗansu sun bar miji ko mata da yara a gida da alkawarin za su aiko a ɗauke su, waɗansu kuma suna nan har yanzu suna tara takardu da kuɗi. A farkon 2024 magatakardan Majalisar Malaman Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa malaman jinya fiye da 15,000 ne suka bar ƙasar nan a cikin 2023 kaɗai. A can Birtaniya kuwa, in aka ɗebe Indiya da Filifin, babu wata ƙasar waje da ta kai Nijeriya yawan malaman jinya a rajistarsu.

Fita neman abin zaman gari ba sabon abu ba ne a wurinmu, ba kuma abin kunya ba ne. Abin da ya dame mu shi ne yadda gidaje da yawa suke yanke shawarar nan mai nauyi bisa abu guda kawai, wato albashin da aka ji labarinsa, aka juya shi zuwa naira, aka riƙe baki. Gaskiyar magana ita ce, izinin zaman ma'aikaci a Ingila ɗaure yake da wanda ya ɗauke shi aiki, izinin miji ko mata da yara kuma ɗaure yake da na ma'aikacin. Idan igiya ɗaya ta tsinke, gidan duka ne zai girgiza. Saboda haka muka ga ya kamata mu shimfiɗa wa masu karatu abubuwan da ake bukata a sani tun ana gida, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofar da take buɗe da wadda aka rufe

Abu na farko shi ne mutum ya san ta wace ƙofa zai shiga, domin dokar ta sha canzawa, labarin da ɗan'uwanka ya ba ka shekara uku da suka wuce mai yiwuwa ya riga ya tsufa. A watan Agustan 2020 Birtaniya ta ɓullo da biza ta musamman ga ma'aikatan lafiya. A Fabrairun 2022 aka faɗaɗa ta, ta haɗa da masu kula da tsofaffi da naƙasassu a gidaje, aikin da ba ya bukatar takardar jinya. Ta wannan ƙofa ce dubban mutanenmu suka shiga. Amma daga 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu wannan aiki zuwa da iyalinsu, daga 22 ga Yuli 2025 kuma aka daina ɗaukar su daga ƙasashen waje ɗungum. Haka nan, tun Janairun 2024 ɗalibin da ya je digiri na biyu ba ya iya ɗaukar iyali, sai in karatun na bincike ne, kamar na dakta.

Ma'anar wannan a fili take. Duk wanda ya zo maka yau ya ce zai samo maka bizar kula da tsofaffi daga nan Nijeriya, kai da matarka da yaranka, to yana sayar maka da abin da babu shi ne. Waɗannan canje-canje ba su rufe wa cikakkun malaman jinya, ungozoma da likitoci ƙofa ba, kuma ba su hana su tafiya da iyali ba. Amma a lura da kalmar "cikakku". Ma'aikacin lafiya na karkara, komai daɗewarsa a ɗakin shan magani da ƙwarewarsa, hukumar can ba za ta yi masa rajista a matsayin malamin jinya ba.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Nijeriya tana cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da kamfanonin ɗaukar ma'aikata su zo nan suna farautar mutane. Abin da aka yarda shi ne mutum da kansa ya ga tallar aiki, ya rubuta wa asibitin kai tsaye. Wanda ya ce maka shi wakilin wani asibitin Ingila ne a Jos ko Abuja, ka yi masa kallon tsanaki.

Jarrabawa da takardu

Hukumar da ke yi wa malaman jinya rajista a Birtaniya ana kiranta NMC, kuma matakai uku take so a haye. Na farko jarrabawar Turanci ce, ko IELTS ko OET. A IELTS ana neman maki 7 a karatu, saurare da magana, da 6.5 a rubutu. Kada wanda ya yi makaranta da Turanci tun firamare ya raina ta, domin a wajen rubutun ne mutane da yawa suke faɗuwa, kowane zama kuma da kuɗinsa. Na biyu jarrabawar sanin aiki ce a kwamfuta, wadda ake iya yi a nan gida. Na uku jarrabawar aikin hannu ce, OSCE, wadda sai a can ake yin ta, a cibiyoyi irin na Nothamton, Oksfod da Lids, kuɗinta kuma ya kusa fam 800. Kafin mutum ya ci ta, albashin mataimaki ake biyansa, kuma sau uku kawai ake ba shi damar zama a kan takardar neman rajista guda. Wanda ya kasa cikin lokacin da aka ɗiba, asibitin zai iya janye ɗaukar nauyinsa.

A nan muna jan kunnen 'yan'uwa game da bin gajeriyar hanya. A 2023 hukumar NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, ta soke sakamakon dukan waɗanda suka zauna a wurin, mutum wajen 2,000. Masu gaskiya da marasa gaskiya duk sai da suka sake zama, waɗansu kuma da suka riga suka fara aiki a Ingila aka cire sunansu daga rajista, bayan sun sayar da kayansu sun kwashi yara. Wanda ya biya wani ya zauna masa jarrabawa, ya gina gidansa a kan rairayi ne.

Sai batun takardu, wanda yake cin lokaci fiye da yadda ake zato. A ɗauko fasfo, katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar sakandare, ta makarantar jinya da lasin aiki, a jera su a tebur, a duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Mu a nan mun saba mutum ya zama Bitrus a wannan takarda, Peter a waccan, ko mace ta ɗauki sunan mijinta a fasfo alhali lasinta na ɗauke da sunan mahaifinta. A wurinmu ƙaramin abu ne, a wurinsu mutum biyu ne daban. A gyara tun da wuri da takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida. Ana kuma bukatar takardar 'yan sanda mai nuna mutum ba shi da laifi, da takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da ofishin jakadancinsu ya amince da shi, irin na hukumar IOM a Abuja da Legas. Takardar gwajin nan wata shida take aiki, don haka kada a yi ta da wuri har ta mutu kafin a nemi biza. Majalisar Malaman Jinya ta nan gida ita ma sai ta tabbatar wa ta can da lasin mutum. A Fabrairun 2024 ta fitar da ƙa'idar neman shekara biyu na aiki kafin ta yi haka, abin da ya jawo zanga-zangar malaman jinya a Abuja da Legas, saboda haka a tambayi ofishinta abin da ake ciki kafin a kashe ko kwabo.

Hattara da dillalai

Babu bizar aiki sai da takardar ɗaukar nauyi daga asibiti ko kamfanin da ke da lasin gwamnati, wadda ake kira COS. Wannan takarda ba ta sayarwa ba ce. Dokar Birtaniya tun 1973 ta hana kamfanin samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki, daga ƙarshen Disambar 2024 kuma aka fito fili aka hana mai ɗaukar aiki ɗora wa ma'aikaci kuɗin takardar. Duk da haka mutane sun sayar da gona, sun jinginar da gida, sun ci bashin adashi, sun miƙa wa dillalai miliyoyi. Da yawa sun isa can suka tarar babu aikin, ko kuwa ana ba su awa goma a mako maimakon cikakken aiki.

Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 gwamnatin Birtaniya ta ƙwace lasin kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Idan aka ƙwace lasin wanda ya ɗauke ka, ko ya sallame ka, bisa al'ada kwana 60 ake ba ka ka sami wani mai ɗaukar nauyi, in ba haka ba ka bar ƙasar, kai da iyalinka. Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya tana buga sunayen dukan masu lasi a intanet, kyauta, kowa na iya dubawa. Kada kuma a yarda da mutum don kawai ɗan garinmu ne ko muna sujada tare. Sau da yawa wanda ya kawo dillalin shi ma yaudararsa aka yi, amma kuɗin da ya tafi ba ya dawowa.

Ko aikin na gaskiya ne, a karanta takardar yarjejeniya a natse kafin a sa hannu. Yawancin asibitoci suna biya wa sabon ma'aikaci kuɗin jirgi, na jarrabawa da masaukin makonnin farko, amma da sharaɗin zai mayar da wani kashi idan ya bar su kafin shekara biyu ko uku. A san nawa ne, a kuma san yadda yake raguwa.

Su wane ne iyali a idon dokarsu

A nan ne al'adarmu da dokarsu suka fi yin karo. A wurinmu iyali ya haɗa da tsohuwa, da ƙanen miji da ke makaranta, da 'yar marigayi yayanmu da muka rena tun tana goye. A wurinsu iyali shi ne miji ko mata, da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba a ranar da aka nema musu biza. Ɗan riƙo ba ya ciki. Wanda ya rubuta ɗan ɗan'uwansa a matsayin ɗan cikinsa, in aka gane, za a iya hana shi shiga ƙasar har shekara goma. Gidan da ke da yaro mai shekara 17 kuma ya san cewa agogo yana tafiya: idan aka ce bari uwa ta je ta zauna tukuna, kafin a waiwayo ya cika 18, an bar shi a baya ke nan.

Haka kuma ba a cika ba yaro biza idan ɗaya daga cikin iyayensa zai zauna a Nijeriya ba, sai in mai tafiyar ya nuna shi kaɗai ke ɗauke da nauyin yaron, ko ɗayan ya rasu. Shirin da ake yi cewa uwa ta tafi da yara, uba ya tsaya ya riƙe aikinsa na gwamnati, sau da yawa a nan yake rushewa. A duba takardar aure ma. Waɗansu takardun da ake bayarwa a majami'a na albarkar aure ne kawai, waɗansu kuma na gwamnati ne domin majami'ar tana da lasin ɗaura aure. A tambayi fasto ko sakataren ikilisiya wace iri ce ke hannu, in da gyara a je rajista. Waɗanda suka yi auren gargajiya su nemi shaida daga ƙaramar hukuma.

Tsofaffi kuwa, hanyar kai su su zauna ƙunci gare ta ƙwarai. Abin da ya fi samuwa shi ne bizar ziyara, wadda ba ta wuce wata shida a zuwa guda, kuma ba ta yarda da aiki ba. Don haka tambayar wa zai riƙe Mama da Baba, a amsa ta a zaman iyali kafin a sayi tikiti. A kuma sani cewa tun 1983 haihuwa a Birtaniya ba ta mai da jariri ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga cikin iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Izinin nan bayan shekara biyar aka saba samunsa, amma a watan Mayun 2025 gwamnati ta fito da shawarar mai da shi shekara goma ga yawancin baƙi. Mai shirin tafiya ya bincika inda maganar ta tsaya, ya kuma ɗaura ɗamarar doguwar hanya.

A yi lissafi da fam, a bar naira

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, fam ɗaya da bai kai naira 600 a farashin gwamnati ba ya tashi zuwa wajen naira 2,000 a 2024. Wannan ne ya sa albashin can yake sa mutum jiri idan ya juya shi. Amma mai gidan haya a Manchesta ba naira zai karɓa ba. Bari mu yi lissafin yadda yake. A shekarar albashi ta 2024 zuwa 2025, sabuwar malamar jinya a asibitin gwamnati a Ingila tana farawa da kusan fam 30,000 a shekara. Ana cire harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 12,570, a cire kuɗin inshorar ƙasa, a cire na fansho. Abin da zai shiga hannunta a wata wajen fam 1,900 ne. A ƙarshen 2024 matsakaicin kuɗin hayar gida a Birtaniya ya haura fam 1,300 a wata, a Landan kuwa ya haura 2,000. A kan wannan za a ɗora harajin gida na ƙaramar hukuma, da wuta, da gas na ɗumama ɗaki, da ruwa, da kuɗin mota, kafin a zo ga abinci. Mai karatu zai gani da kansa cewa albashi ɗaya da ƙyar yake riƙe gida mai yara uku, kuma garin da aka zaɓa yana da muhimmanci kamar albashin kansa. Ƙananan garuruwan arewacin Ingila sun fi Landan da kewayenta sauƙin haya nesa ba kusa ba.

Kafin tashi ma akwai kashe kuɗi. A 2025 kuɗin bizar ma'aikacin lafiya ta shekara uku fam 304 ne ga kowane kai, wato fam 1,520 ga miji da mata da yara uku. Sai an nuna kuma akwai kuɗi ajiye a banki kwana 28 a jere: fam 1,270 na ma'aikaci, 285 na abokin aure, 315 na yaro na farko, 200 na kowane yaro bayansa, wato fam 2,270 ga gidan da muka ambata, sai fa in asibitin ya rubuta cewa ya ɗauki wannan nauyi. Ga tikitin mutum biyar, ga kuɗin jingina na gida, wanda dokar Ingila ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako biyar, ga hayar watan farko. Baƙon da ba shi da tarihin banki a ƙasar, masu gida sukan nemi ya kawo mai tsaya masa. Sauƙin da ma'aikatan lafiya da iyalinsu suka samu shi ne an yafe musu harajin asibiti na baƙi, wanda ya kai fam 1,035 a shekara ga kowane babba tun Fabrairun 2024.

Abu na ƙarshe a lissafin shi ne wanda aka fi mantawa. A kan bizar an rubuta cewa mai ita ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati. Kuɗin yara da na haya da ake jin ana ba marasa ƙarfi a can, ba na sabon baƙo ba ne. Idan ciwo ko rashin aiki ya zo, abin da ka ajiye shi ne gatanka. Saboda haka gidaje da yawa sun ga ya fi ma'aikacin ya riga zuwa, ya ci jarrabawar OSCE, ya kama gida, sa'an nan iyali su biyo bayan 'yan watanni. Amma a sa wa rabuwar nan iyaka, da wata da rana, kada ta zama sai abin da hali ya yi.

Makonnin farko

A wajen ɗaure kaya, a bar kilishi, dambun nama, man shanu da duk abin da aka yi da nama ko madara, domin an hana shiga da su, za a ƙwace a filin jirgi. Busasshen kifi an yarda da shi daidai gwargwado. Takardun asali, da katin rigakafin yara da sakamakon makarantarsu, a riƙe su a jakar hannu.

Da isa, a yi rajista da likitan unguwa, wanda ta hannunsa ake ganin kowane babban likita, kuma kyauta ne. A buɗe asusun banki, mai rakiya kuma ya nemi lambar inshorar ƙasa domin aiki. Makarantar gwamnati kyauta ce, ta ofishin ƙaramar hukuma ake neman gurbi, shekarar karatu tana farawa a Satumba, kuma da shekarun haihuwa ake sa yaro aji, ko da a gida ya yi tsallake. Lasin tuƙi na Nijeriya wata 12 yake aiki, bayan haka sai an ci jarrabawarsu, don haka a fara shiri da wuri.

Wanda ya ce ya saba da sanyin Jos ko Mambila, bai ga komai ba tukuna. Abin da ya fi sanyin ma wahala shi ne duhu. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi. Mai aikin dare yakan yi kwanaki bai ga hasken rana ba, kuma wannan yana taɓa jiki da zuciya. Hukumar lafiyarsu tana ba masu baƙar fata shawarar shan ƙwayar bitamin D duk shekara. Wanda ya ji baƙin ciki ya danne shi ba dalili, ya faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Zaman aure da renon yara

A yawancin gidajen nan mace ce mai biza, miji ne ɗan rakiya. Mutumin da yake shugaban makaranta ko akawu a ma'aikata a gida, zai iya samun kansa yana jera kaya a sito ko yana raba saƙo, matarsa kuma ta fi shi albashi, sunanta ne a kan takardar gida. Doka ta ba shi izinin yin kusan kowane irin aiki, amma takardunsa na gida ba lalle su yi masa amfani nan da nan ba. Babu 'yar aiki, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro. Idan uwargida ta kwana a asibiti tana aikin awa goma sha biyu, maigida ne zai yi wa yara wanka, ya dafa, ya kai su makaranta. Gidajen da suka zauna lafiya su ne waɗanda suka yi wannan magana tun a nan: wa zai yi me, asusu ɗaya ne ko biyu, nawa za a aika wa dangin miji, nawa ga dangin mata. Maigida ya sauke girman kai, uwargida kuma kada ta mai da biza sandar duka. Su duka su san cewa idan aure ya mutu, izinin zaman ɗan rakiya ya mutu tare da shi.

Renon ƙananan yara yana da tsada ƙwarai, har yakan cinye albashin mutum guda. A Ingila kowane yaro mai shekara uku zuwa huɗu yana samun awa 15 a mako kyauta a lokacin zangon karatu, amma sauran sai aljihu. Barin yara ƙanana su kaɗai a gida yadda zai jefa su cikin haɗari laifi ne, kuma maƙwabta suna kai rahoto. Sai maganar horo. An haramta dukan yaro kowane iri a Sikotlan tun 2020, a Wels tun 2022. A Ingila ma, dukan da ya bar tabo ko aka yi da bulala ko bel zai iya kai iyaye gaban hukuma, malaman makaranta kuma wajibinsu ne su sanar da ma'aikatan kula da yara abin da suka gani. An raba iyayen Afirka da dama da 'ya'yansu ta wannan hanya. Ba a ce a bar tarbiyya ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: a koyi horo da magana, da hana abin da yaro yake so, da zama da shi. A kuma riƙe harshen gida a cikin ɗaki, ko Hausa ne, ko Berom, Tangale, Bachama ko Jju, domin cikin shekara biyu yaro zai iya kasa gaida kakarsa a waya.

Abin da aka bari a baya

Yadda mutum ya fita yana da nasa muhimmanci. Wanda gwamnatin jiha ko asibitin mishan ya ɗauki nauyin karatunsa da yarjejeniyar zai yi musu aiki, ya cika alkawari ko ya je a daidaita. A ba da sanarwar barin aiki yadda doka ta ce, a miƙa ragama, kada a ɓace a bar marasa lafiya a gado, ana kuma ci gaba da karɓar albashi. Wata rana za a nemi takardar shaida daga wannan ofishi. Asibitocinmu na karkara suna jin raɗaɗin kowace malamar jinya da ta tafi, don haka mai tafiya ya tuna da makarantar da ta koyar da shi da ƙannen da ke tasowa.

Gona, fili ko gida, a rubuta wanda aka bar wa amana a gaban shaidu, a ajiye takardun asali a wuri mai tsaro. Kada a yi wa dangi alkawarin kuɗin wata-wata kafin a ga takardar albashi ta uku, kuma a gaya musu gaskiyar tsadar can tun da fari, domin wanda bai sani ba zai ɗauka rowa ce. A bar lasin aikin gida da asusun fansho a raye, a ajiye kuɗin tikitin komowa wanda ba a taɓawa. A yi maganar da ba a son yi ma: idan rasuwa ta zo, a can za a yi jana'iza ko a gida? Kawo gawa gida yana cin dubban fam, shi ya sa ƙungiyoyin 'yan gari a can suke da asusun taimakon juna, kuma ya kamata sabon zuwa ya shiga tun da wuri. Wanda ya sami jama'ar da zai yi zumunci da su, ya rage wa kansa rabin kaɗaici.

Muna roƙon dattawa, iyaye da shugabannin mata da na matasa, idan ɗa ko 'ya ta zo da maganar tafiya, kada a tsaya ga sa albarka kawai. A zaunar da miji da mata tare, a tambaye su: wane asibiti ne, yana cikin jerin masu lasi? An biya wani kuɗi domin takardar ɗaukar nauyi? Nawa ne zai rage bayan haya? Wa zai riƙe yara ranar aikin dare, wa zai riƙe tsofaffi a gida? Idan aikin ya ƙare cikin kwana 60, ina aka nufa? Waɗanda suka amsa waɗannan a natse, a rakiya su da farin ciki, Allah ya kai su lafiya. Waɗanda suka kasa amsawa, a ba su shawara su ƙara shekara guda suna shiri, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.